Na Ji Kunyar Tambayar Kawuna Nauyinsa

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da takwas, ina aikin jinya a wani asibiti da ke wajen birnin Washington, muna zaune a Bowie ni da mijina da 'ya'yanmu biyu. In za a faɗi gaskiya, mace ce ni mai ji da kanta. A gida ni ce mai yanke shawara, a coci ni ce mai tsara abincin biki, a wurin aiki kuwa sababbin ma'aikata shakkata suke yi, don ba na yarda kowa ya lissafa magani da ka. Na sha tsayar da ma'aikaciya a gaban mutane in ce ta koma ta ɗora mara lafiya a kan sikeli, kada ta kawo mini kintace. Ku riƙe wannan a ranku, nan gaba za ku ga inda na faɗi. Edita, na rubuto muku ne saboda shekara uku ke nan abin yana cina a rai, kuma har yau bakina ya kasa faɗa wa kowa ido da ido.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata. Tun ba a haife ni ba ya baro Jos ya zo karatun injiniya a wata jiha ta can arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe mota har ba a ganin ta. Da ya gama ya dawo wannan yanki da aiki, ya sayi gida a Mitchellville, a nan ya tsufa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na iso, a gidansa na yi shekara huɗu, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Mamana. Duk abin da na miƙa masa da hannu biyu yake karɓa. Ko miya na cika wa gishiri sai ya cinye ya ce hannun Mama ba ya kuskure. Ni kuwa na saba da wannan har na ɗauka gaskiya ne.

Kawu yana da wani hali da duk mutanenmu na nan suke tsokanarsa a kai. Tun yana ɗalibi wani abokin ɗakinsa ya koya masa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, mutum ya riƙe sanduna ya gangaro daga kan tsauni. Shi sululu yake kiransa. Idan aka ce masa me ya haɗa ɗan Jos da wannan wahala, sai ya ce ai tun suna yara suke zama a kan kwali su sulalo daga kan duwatsun bayan gidansu, bambancin kawai can wando ke yagewa, nan kuma hanci ke daskarewa. Bayan rasuwar matarsa, wannan sululun ne ya riƙe shi. 'Ya'yansa sun watse a jihohi masu nisa, gidan ya yi masa girma. Da zafi yana da ɗan lambunsa na yakuwa da attaruhu a bayan gida, amma da sanyi ya shigo, rana ta fara faɗuwa da wuri, ba abin da ke fitar da shi sai ranar Talata. Duk Talata da safe zai ɗauki wani abokinsa Bature, tsohon malamin makaranta, su yi tafiyar awa biyu zuwa wani tsauni da ke kan iyakar Pennsylvania. Idan ya dawo na kira shi, muryarsa kamar ta saurayi nake ji.

Da zai cika shekara saba'in, a farkon watan Janairu, aka shirya masa sujadar godiya a cocinmu na Lanham. Mata suka fara maganar kyauta. Wata ta ce shadda, wata ta ce Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe, matar ɗan'uwana kuma ta ce ta riga ta aika gida an sassaƙo masa sanda mai kyau. Na yi dariya a gabanta, na ce mutumin da ke gangarowa daga tsauni ne za a ba sanda, ai wannan zagi ne. A raina na ƙudura sai na nuna wa kowa cewa ni kaɗai na san Kawu. Dama na taɓa ganin allunansa a gareji, gajeru, duk sun kakkarce, launinsu ya koɗe. Na ji kunya a madadinsa. Na ce tsohon nan ya gama yi wa kowa hidima, ya bar kansa da tarkace. Ban tambaye shi dalili ba, na yanke hukunci kawai.

Ina da makullin gidansa. Wata Laraba da rana, yana wajen nazarin Littafi Mai Tsarki, na shiga gareji na ɗauko takalminsa na zamiya ɗaya, don na ji an ce sai da shi ake daidaita allunan. Na tafi wani babban shagon kayan wasa. Wadda ta saurare ni wata dattijuwa ce mai furfura, mai magana a hankali. Ta ce ga mai shekaru irin nasa, gajerun alluna marasa nauyi masu laushi sun fi, don suna juyawa cikin sauƙi, ba sa gajiyar da gwiwa. Ta nuna mini maɗaurin da ke riƙe takalmi a jikin allon, ta ce an yi shi ne don ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi, kuma ana ɗaure shi daidai da nauyin mutum da tsayinsa da shekarunsa da irin gudun da yake yi. In ya yi sako-sako ya saki ba dalili, in ya yi tsauri kuma ya ƙi saki ranar da ake bukata. Sannan ta ce abin da ya fi shi ne in zo da shi ya gwada da kansa, ko in biya kuɗin a katin shagon in ba shi ya zo ya zaɓa. Nan take raina ya ɓaci. A ina aka taɓa miƙa wa dattijo ɗan kati a gaban taro a ce kyauta ce? Kuma ta yaya zan ɗaga waya in ce Kawu, kilo nawa kake? Ni da ko ido ba na haɗawa da shi idan yana magana. Bakina ba zai iya ba.

Sai ta miƙo mini takarda in cike, na kuwa cike ta da ka. A wajen nauyi na tuno shi ranar Lahadi cikin babbar riga, ya cika ƙofar coci, na rubuta kilo casa'in. A wajen tsayi na ƙara masa har da hula. Da na zo wajen gwaninta, inda aka ba da zaɓi uku, mai tafiya a hankali, matsakaici, da mai gudu a wuri mai tsananin gangara, ban ko tsaya tunani ba na zaɓi na ƙarshe. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana abu, ni ce zan rubuta da hannuna cewa matsakaici ne? Sai na ji kamar na rage masa daraja a gaban baƙuwa. Matar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na amsa mata da muryar da nake yi wa sababbin ma'aikata, na ce ni ma'aikaciyar jinya ce, na san jikin mutum. Da aka zo zaɓen allunan, marasa nauyin nan sai na ga kamar kayan wasan yara. Mu a gida abu mai nauyi shi ne mai kyau, ko shadda ce ko tukunya. Na zaɓi wasu dogaye baƙaƙe masu ratsin ja, masu tauri, da ƙyar na ɗaga su. Ta sa na sa hannu a takardar, ta roƙe ni in kawo shi a sake duba maɗaurin kafin ya hau. Na ce to, na jefa takardar a aljihun mota, na mayar da takalmin inda na ɗauko shi.

Ranar biki ɗakin taron coci ya cika. An yi dafa-duka da masa da gwate da kunun gyaɗa, an yi waƙoƙin gida har tsofaffi suka tashi rawa. Da aka miƙa masa sandar nan ya yi dariya ya ce zai ajiye ta sai ya tsufa, ni kuma na harari matar ɗan'uwana ina murmushi. Tawa kyautar na bari sai ƙarshe. Mijina ya shigo da ita naɗe cikin atamfa, mata suka rangaɗa guɗa. Kawu ya warware, ya tsayar da allunan a gefensa, sai ga su sun zarce kansa. Ya shafa su, ya danna tsakiyar ɗaya da tafin hannu kamar mai gwada taurin rake, bai ce komai ba. A lokacin na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana. Daga nan ya ɗago ya ce Mamansa ta gama masa komai, ya dafa kaina ya sa mini albarka. Kaina ya kumbura. Na karɓi abin magana na sanar wa jama'a cewa ranar Asabar mai zuwa ni da iyalina za mu raka shi tsaunin, mu ɗauko hoton bidiyo kowa ya gani har 'yan gida. Aka yi tafi. Ban tambaye shi ko yana so ba, kuma a gaban wannan taro ba shi da bakin cewa a'a.

Asabar ɗin gari ya waye da rana mai haske da sanyi mai shiga ƙashi. Mun same shi a wajen ajiye motoci tare da abokinsa Baturen. Mutumin ya ɗauki allo ɗaya ya juya shi, ya dubi maɗaurin, ya dubi Kawu, ya ja shi gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Na ga Kawu yana girgiza kai. A raina na ce hassada ce, nasa ba su kai waɗannan ba. Da Kawu ya buɗe bayan motarsa zai ɗauki safar hannu, sai na hango tsofaffin allunansa kwance a ciki. Ashe ya taho da su. Wannan wurin ne ya fi ci mini rai idan na tuna. Na yi dariya na ce masa me waɗannan tsummokaran suke yi a nan kuma, ko kyautar Mama ba ta yi ba ne. Ya dube ni, ya ce ina, mantawa ya yi bai sauke su ba. Ya rufe bayan motar.

Zagaye na farko ya gangaro ta wuri mai sauƙi, a hankali, jikinsa a sanƙare. Da ya iso inda muke na ga gumi a goshinsa duk da sanyin nan, yana haki. Ni da aikina ke nan, ganin mutum in san ya gaji, ban ga komai ba sai wayata. Bidiyon bai yi kyau ba, ya fito ƙarami kuma ba gudu. Na roƙe shi ya ƙara sau ɗaya tak, daga can sama kaɗan, don mahaifiyata a Jos ta ga yayanta yana tashi kamar tsuntsu. Yarana ma suka kama tsalle suna kiran kaka. Ya tsaya yana kallon tsaunin, sannan ya ce to, Mamana.

Ta cikin waya na ga faɗuwarsa. Ya zo zai juya, allon hagu ya kafe a ƙanƙara ya ƙi biyo shi, jikinsa ya juya ƙafar ba ta juya ba. Ina jira in ga allon ya fita kamar yadda matar shagon ta ce, bai fita ba. Ya tafi da ƙafar yadda ya ga dama. Tun daga nesa, yadda ƙafar ta kwanta, na san abin da ya faru, don na sha gani a wurin aiki. Ma'aikatan wurin suka sauko da shi a ɗaure cikin wani abin ja mai kama da kwalekwale. Fuskarsa ta yi fari fat, amma abin da ya fara faɗa mini shi ne in yi haƙuri ya ɓata mana rana. A asibiti aka ce jijiyar gwiwa ta tsinke, ƙashin ƙwauri kuma ya karye daf da gwiwar. Kafin a shiga da shi tiyata aka auna shi a kan gado. Ina tsaye na karanta lambar da idona, kilo sittin da takwas. Nan ne na ji likita yana maganar ciwon suga da aka gano masa shekara biyu da suka wuce, wanda bai gaya wa kowa ba don kada a ɗaga hankali. Ashe riga biyu yake sawa a ƙarƙashin babbar rigar. Ni kuwa rigar na auna.

Muna zaune muna jiran a fito da shi, abokinsa ya matso kusa da ni. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce gajerun allunan nan da nake gani, Kawu da kansa ya zaɓe su shekara huɗu da suka wuce, bayan ya gwada kala-kala, saboda gwiwarsa ta fara damunsa. Ya ce sun daɗe da daina hawa sama. Sukan yi zagaye huɗu ko biyar a wuri mai sauƙi, su zauna su sha shayi suna kallon matasa, su dawo gida kafin duhu, kuma wannan ya ishe su. Ya ce da safen nan ya roƙe shi su kai allunan shagon da ke gindin tsaunin a sassauta maɗaurin, aikin 'yan mintoci ne, amma Kawu ya ce layi ya yi tsawo, yara suna tsaye cikin sanyi, kuma mahaifiyarsa ce ta zaɓa masa da hannunta, ba zai kai a taɓa a gabanta ba. Baturen ya ce shi bai gane wace mahaifiya yake nufi ba, tunda ya san ta daɗe da rasuwa. Na tashi na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun mutuwar mahaifina.

Saboda sugan, ciwon ya ƙi warkewa da wuri. Aka sake yin tiyata ta biyu. Daga ƙarshe likita ya faɗa masa a gabana cewa zai yi tafiya, amma zancen tsauni ya ƙare. Kawu ya gyaɗa kai ya yi godiya kamar an ba shi labari mai daɗi. Wata uku ya yi a gidanmu na Bowie, ni nake wanke ciwon, ni nake auna sugan, kullum da safe ina ɗora shi a sikeli. Sau da yawa na durƙusa zan roƙi gafara, sai ya katse ni ya ce tsufa ne, kuma nufin Allah ne, uwa ba ta durƙusa wa ɗanta. Kowa a coci ya ɗauka tsautsayi ne kawai, har ana yaba mini yadda nake kula da shi, kowane yabo kuma kamar ana zuba mini barkono a ido. Ran nan na kasa daurewa, na je mota na ɗauko takardar nan na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, nauyi, tsayi, gwaninta, da sa hannuna a ƙasa. Ya ɗan yi murmushi ya ce ashe haka Mamansa take ganinsa, wannan ƙaton mutum da ke cikin takarda shi ma zai so ya gamu da shi. Na ce masa kunya ce ta hana ni tambaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya ce da na tambaye shi nauyinsa, da ya ji haushi na kwana ɗaya, ya faɗa mini a rana ta biyu. Bai sake tayar da maganar ba har yau.

Yanzu ya koma Mitchellville. Da sandar nan da na yi wa dariya yake tafiya, ita ce ke kai shi coci ta dawo da shi. Abokinsa ya riƙa zuwa suna shan shayi a falo na ɗan lokaci, daga baya ya koma kusa da 'yarsa a wata jiha. A shekara ukun nan Kawu ya tsufa fiye da yadda ya tsufa a goman da suka gabace su. Da zafi yana ɗan lallaɓawa lambu, da sanyi kuwa sai in kira shi da rana tsaka in ji muryarsa kamar wanda aka tasa daga barci. Baƙaƙen allunan suna nan tsaye a falonsa kusa da hoton matarsa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa ya ce Mamansa ce ta saya masa. Na roƙe shi ya bari in ɗauke su, ya ce ba a mayar da kyautar uwa. Don haka duk zuwan da zan yi sai na gaishe shi a ƙarƙashinsu. Gajerun kuma suna gareji, na lura ba ƙura a jikinsu, wani yana goge su.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Na ɗauka girmama shi nake yi, alhali kaina nake girmamawa. Na so a ce kyautata ta fi ta kowa, na so Kawu ya zauna yadda na san shi ina yarinya, ƙato mai ƙarfi, don haka na ƙi ganin tsohon da ke gabana. Mu da muka taso da kunyar manya, muka zo ƙasar da komai sai an tambayi lamba, mu yi hattara. Iyayenmu ba za su ce kyauta ba ta yi ba. Za su karɓa da hannu biyu, su sa albarka, su yi amfani da ita a gabanmu ko da za ta cutar da su, don kada ranmu ya ɓaci. Idan kun ga tsoho yana riƙe da tsohon abu, kada ku yi saurin cewa rowa ce ko rashi, wataƙila shi ne daidai da jikinsa. Idan abin da za ku saya jikinsa ne zai ɗauka, allunan zamiya ne, keke ne, ko takalmi, ku tafi da shi ya gwada, ku bar burgewar taro. Ku tambaye shi nauyinsa, ku tambaye shi inda ke masa ciwo, ku jure haushin kwana ɗaya. Ni ban jure ba. Ina rubuta wannan ranar Litinin, an ce dusar ƙanƙara za ta sauka kafin safiya, gobe kuma Talata ce, na san zan same shi zaune a bakin taga da sandarsa a kan cinya.